Sabuwar Kar da Tsohuwa: Abin da Hanyar Gure Zuwa Yamai ta Koya Mini

Bayan ƙaramar sallar 2024, a tsakiyar bazarar da kowa ya ji a jikinsa, muka tashi daga Gure zuwa Yamai bikin ɗiyar ƙanena. Mu shida ne: ni da mai ɗakina, da yara uku, da mahaifiyata wadda ta haura shekara saba'in, gwiwoyinta kuma sun daɗe suna ba ta wahala. Da yake ba a zuwa biki hannu rabbana, mun ɗauki buhun gero, da kanwa, da tabarmin kaba, da dabinon da muka ƙara saya a Gidimuni. Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne, daga can zuwa Yamai kuma kusan kilomita 900. Tsakanin Damagaram da Yamai, a zuwa mun shiga sabuwar kar, wato bas, a dawowa muka shiga tsohuwa, dukansu na kamfani ɗaya, fenti ɗaya, suna ɗaya a jiki. Abin da na gani tsakanin motocin nan biyu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu mutanen gabas mun san darajar hanya. Dattawanmu suna tuna lokacin da zuwa Maine Sorowa ko Gigimi yake nufin kwanaki a cikin rairayi, kafin a shimfiɗa kwaltar da ake kira Hanyar Haɗin Kai a zamanin shugaba Diori Hamani da taimakon ƙasar Kanada. Ni kaina na tashi ina ganin motocin SNTN, daga baya na SNTV, kafin kamfanonin ƴan kasuwa irin su Rimbo da SONEF da Al Izza su cika tashoshi. Kowane zamani da motarsa, kuma kowace sabuwar mota idan ta shigo gari sai yara sun bi ta da gudu.

Daga Gure zuwa Damagaram tsohuwar mota ce ta kai mu, ta Gidigir da Gidimuni da Mirya. A Damagaram muka kwana, kafin asuba muka hallara a tashar kamfanin. Ni na nace a sayi tikitin sabuwar kar, ko da yake ta ɗara tsohuwa da ƴan jikkuna a kan kowane mutum. Na ce Inna ta tsufa, ta cancanci hutu. Da aka kunna fitilun ciki, yara suka yi tsit don mamaki. Kujeru masu laushi, kowa da lambarsa, babu turereniya. Sanyin na'ura yana sauka daga sama, ga wurin cajin waya a gefen kujera, ga labule mai tsabta. Motar ta tashi a kan lokacin da aka rubuta.

Amma tun a bakin ƙofa aka fara nuna mana cewa wannan motar da nata sharuɗɗan. An auna kayanmu a sikeli, aka ce buhun gero ba zai shiga ba, sai dai a aika shi daban. Matakalar shiga kuma tana da tsawo, sai da muka kama Inna ni da babban ɗana kafin ta hau. Ba mu kai Tasawa ba ta fara jan mayafi tana rufe gwiwoyi. Tagogin ba sa buɗuwa, sanyin kuma na kowa ne, ba a rage wa mutum ɗaya. Na miƙa mata gorar ruwa a Maraɗi, ta ce, "Bari sai an jima." Na sake miƙa mata a Birnin Ƙwanni, ta sake cewa haka. Sai mai ɗakina ta raɗa mini: "Malam, ba ƙishi ne ba ta ji ba. Tsoro take kada ta matsu, ga mota ba ta tsayawa sai inda aka tsara, ga matakala ba ta iya sauka ita kaɗai." Mun ratsa Dogon Dutsi da Doso, muka shiga Yamai da dare. Yara sun sauka garau kamar ba su yi tafiya ba. Inna kuwa ƙafafunta sun kumbura, leɓunanta sun bushe, kwana biyun farko na biki a kwance ta yi su.

A cikin wannan tafiyar ne babban ɗana ya nuna mini hoton wani jirgin ruwa a wayarsa. Sunansa Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, an ƙera shi a ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Mayami na Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. An yi shi ne musamman don iyalai masu yawon shaƙatawa, da wuraren wanka da wasannin yara iri-iri. Mutanen Gure gaba ɗaya za mu ce gari ne ke tafiya a kan ruwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, kamfanin bai yar da dukkan tsofaffin jiragensa ba. Yana da irin Grandeur of the Seas, wanda ya fara aiki a 1996, mai ɗaukar fasinja dubu biyu da ɗoriya. Irin waɗannan ƙanana su ne ke tashi daga tashoshi kamar Baltimo da Tampa, inda akwai gadojin da manyan jirage ba sa iya wucewa ta ƙarƙashinsu. Ashe ko a can, sabo yana da inda ba ya shiga, tsoho kuma yana da aikin da ba a karɓe masa ba.

Da aka gama biki, ranar da muke son dawowa kujerun sabuwar kar sun ƙare, sai muka shiga tsohuwa. Soson kujerun ya lotsa, labulen ya koɗe, injin yana gurnani tun kafin a tashi. Amma da aprantin motar ya ga Inna, sai ya ruga ya ɗauko ɗan benci ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, taka nan, a hankali." Ya roƙi wani saurayi ya bar mata kujerar kusa da ƙofa. Tarkacen da dangi suka haɗo mana duka an ɗaure su ba gardama. Direban dattijo ne mai furfura, ya tsaya sallar azahar ya ba mutane lokacin alwala ba tare da danna oda ba. Inna ta sha ruwa, ta sha fura, ta yi hira da wata tsohuwa ƴar Tasawa har suka gano suna da dangi ɗaya a Gidigir. A kusa da Galmi, garin albasa, bel ɗin injin ya tsinke. Wani bakanike na bakin hanya ya leƙa sau ɗaya ya gane ciwon, domin irin injin da ya girma a kansa ne, kafin a gama sallar la'asar mun kama hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka daɗi kawai muka sha. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take fitowa. Autarmu mai shekara huɗu ta yi ta kuka, ƙuraje suka feso mata a wuya, ta yi amai sau biyu kafin Maraɗi. Uwarta ta yi ta jiƙa zane tana lulluɓa mata. Mun shiga Damagaram da tsakar dare, awanni bayan lokacin da aka ce. Kuma a tsayawar Galmi na duba ƙafafun motar, na ga tayar baya guda ta cinye har ta yi sumul. Tun daga nan ban ƙara runtsawa ba.

Darasi na farko da na ɗauka shi ne, motar iyali da mafi rauni a cikin iyalin ake auna ta. Ni na zaɓi sabuwar kar da idona, ina kallon abin da zai burge ni, na kuma kira shi gata ga Inna. Ban tambaye ta ba. Da na zauna da ita tun a Gure na ce, "Inna, me ya fi damunki a doguwar tafiya?" da ta faɗa mini cewa matakala ce da rashin tsayawa. Ga yarinya ƙarama a watan Afrilu, sanyin na'ura magani ne. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, sanyin nan cuta ne idan ba a yi masa shiri ba. Iyali ɗaya ne, mota ɗaya, amma jikin kowa da abin da yake nema. Magidanci ba ya cewa wannan ta fi waccan sai ya duba wa zai ɗauka, a wane wata, zuwa ina.

Na biyu, tsufa daban, sakaci daban. Muna yawan haɗa su wuri guda, mu ce ai tsohuwar mota ce. Lotsattsen soso da koɗaɗɗen labule tsufa ne, ana iya haƙuri da su. Tayar da ta cinye kuwa ba shekaru ne suka kawo ta ba, wani ne ya gan ta ya kau da kai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar da aka adana ce. Jirgin ruwan 1996 da yake aiki har yanzu, ai don ana shigar da shi gyara ne lokaci zuwa lokaci. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, mu na Gure da Maine Sorowa da Difa, domin abin da na lura da shi a kamfanin da muke shiga shi ne, sabuwar mota tsakanin manyan birane ake sa ta, idan ta kwana biyu sai a turo ta gabas. Ba na ƙin wannan, ɗan kasuwa da lissafinsa. Abin da nake roƙo shi ne a turo ta da tayoyi masu kyau da birki mai ci. Ran ɗan Gure da na ɗan Yamai ɗaya ne.

Na uku, abin da ya raba tafiyar Inna ta zuwa da ta dawowa ɗan benci ne da wani yaro ya ɗauko. Kuɗinsa bai kai na labule guda na sabuwar kar ba. Babu abin da ya hana sabuwar mota samun irinsa, babu abin da ya hana ma'aikacinta ya zaga ya tambayi tsofaffi ko suna bukatar sauka, ko a ajiye bargo biyu uku don masu jin sanyi. Mutunci ba a ƙera shi tare da mota. Kamfanin da ya sayo sabbin motoci ya manta da tarbiyyar da tsofaffin direbobinsa suka tara, ya sayi rabin abu ne. Da ni ke da iko, da kowace sabuwar kar sai na sa mata dattijon direba da aprantin da ya san gaida manya.

Na huɗu, sabon abu yana zuwa da tsarinsa, kuma tsarin ba abin ƙi ba ne. Da farko na ji haushin mayar da buhun gerona. Daga baya na gane cewa ƙin ɗora kaya fiye da ƙima da kiyaye lokaci su ne suka sa motar ta isa lafiya kuma da wuri. Mu ma fasinja akwai gyara a wajenmu. Mun saba tafiya da rabin gida, mu tsayar da mota a kowane ƙauye don saƙo. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kaya masu nauyi a aika su tun kwana biyu kafin tafiya, a bar wa mutum abin da hannunsa zai ɗauka.

Na biyar, tambaya kafin biyan kuɗi haƙƙin matafiyi ne. Yanzu idan na je wurin yankan tikiti, nakan tambayi wace mota ce za ta tashi, sau nawa take tsayawa, a ina za a yi salla, ko akwai kujera kusa da ƙofa. Nakan zo da wuri in zaga motar in dubi tayoyinta. Wasu ma'aikata sukan yi mamaki, amma mafi yawansu suna amsawa da kyau, wani ma ya gode. Idan muka yawaita masu tambaya, kamfanoni za su san cewa ana kallo.

Da sanyin hunturu ya shigo a ƙarshen shekarar, wata hidima ta sake kai mu Maraɗi ni da Inna. Wannan karon na fara zama da ita. Ta zaɓi sabuwar kar da kanta, amma da sharaɗi: kujerar gaba, safa mai kauri, bargo, da kuma in yi magana da direba tun kafin a tashi. Na yi masa bayani a tashar Damagaram, ya ce, "Ba komai, Alhaji, uwa ai ta kowa ce." A Tasawa shi da kansa ya sauko ya riƙe mata hannu. Na miƙa mata gorar ruwa, ta karɓa ta sha har ta rage kaɗan, sannan ta miƙo mini ta ce, "Allah ya yi maka albarka."