Mayafin Goggo da Keken Ɗinki



Mu a Tsiga auduga muke nomawa, 'yan kasuwa su kwasa su yi Funtua da Malumfashi da ita, in hunturu ya kama kuma mu sayi bargon kanti. Goggona ce kaɗai na sani da ta ƙi wannan lissafi. Shekara 3 ta yi tana haɗa ƙyallaye da allurar hannu: guntun atamfar anko, zanen goyon 'ya'yanta, har da shaddar rigar marigayi mijinta. Sai da ta gama haɗa fuskar mayafin idonta ya raunana. Saura a sa auduga a tsakiya, a yi shafi a baya, a bi da ɗinki. Ni kuwa watana 4 kacal da fara taka keke.

Da na ce zan ƙarasa mata, cewa ta yi, “'Yar nan, keke ba ya jin a tsaya. In ya cinye rigar Malam, a ina zan samo wata?”

Gaskiyarta. Haƙoran keke shafin ƙasa suke ja, na sama yana tafiyar hawainiya, shi ya sa abu mai hawa uku yake tattarewa. Saboda haka na fara da tsummokaran banza har hannuna ya faɗa. Ga abin da na koya. A gurje auduga tas, don angurya ɗaya tana karya allura, manta kuma yana ɓata tufa. A shiɓe ta, a shimfiɗa ba tudu ba kwari. A wanke yadin shafi tun kafin a yanka, ya gama tsukewarsa. A kama hawa ukun da dogon ɗinkin hannu. Sannan a fara daga tsakiya a nufi gefe, da takun allura mai tsawo, ana nannaɗe ragowar mayafin don ya wuce ta hammatar keken.

Wannan sana'a ma tamu ce tun da can. Duk wanda ya kalli hawan sallah a Katsina ya ga lifidi a jikin dawaki: tufa biyu da auduga a tsakani, an bi su da ɗinki layi-layi don mashi da kibiya.

Kwana 9 na yi ina bin gefen ɗinkin Goggo, ban yarda na taka samansa ba. Murabba'in shaddar nan kuwa na kewaye shi na bar mata. Da lalube ta ɗinke shi da hannunta, layukan a karkace, ta kuma hana a warware ko ɗaya.

In akwai tsohuwa a gidanku mai ƙunshin ƙyallaye a ƙasan adaka, ku tambaye ta tarihin kowanne tun tana iya gane su.