Gefen da Ido Ba Ya Gani

Ranar da labarin rasuwar malaminmu na aikin katako ya iske ni, ban iya cewa komai ba sai salati. Da na natsu, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wata 'yar kujera da har yau take ɗakin mahaifiyata a Jalingo.

Na shiga ajinsa a tsakiyar shekarun 1980, lokacin Jalingo tana cikin tsohuwar Jihar Gongola, ana kuma ɗokin tsarin karatun nan na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 domin yara su fita makaranta da sana'a a hannu. An kawo wa makarantarmu injuna daga Turai, amma babu wutar da za ta juya su, sai suka zauna cikin akwatunansu suna shan ƙura. Malam bai tsaya jiran wuta ba. Ya kwaso zarto da guduma da gizago daga gidansa, ya ce da su iyayenmu suka yi aiki, da su za mu fara.

Gaskiya ɗaya ce, a lokacin mun raina darasinsa. Kowannenmu ofis yake hange, da teburi da fanka. Mukan ce wanda kansa bai ja ba shi ke zama kafinta. Yana jin mu, bai taɓa tanka mana ba. Sai dai ya ɗauko guntun katako ya ce mu shinshina, mu faɗi sunan itacen. A wurinsa na san maɗaci, na san ƙirya mai taurin da gara ke shakka, na san madobiya. Yakan ce wanda bai san itace a tsaye ba, ba zai ji tausayinsa a kwance ba. Na tuna wannan magana a shekarun 2010, da na ga tireloli suna fita daga dazukan Taraba maƙare da gumagumen madobiya, za a kai su ƙasar Sin.

A jarrabawar ƙarshen shekara aka ce kowa ya yi kujera. Na goge saman tawa har tana sheƙi, amma a ƙarƙashi, inda ramin ƙafa ya yi wa ƙafar yawa, na cusa garin katako da gam na rufe. Malam bai ko dubi saman ba. Ya kife ta, ya sa babban yatsa a wurin, ya dube ni.

"Ɗana, wa zai zauna a kan wannan?"

"Inna ce, Malam."

"To, Innar taka za ka yaudara, ko ni?"

Bai dake ni ba. Ya ba ni sabon katako, ya zauna tare da ni bayan an tashi, kwana uku a jere, har ƙafar ta shiga raminta ba ƙusa ba gam. Kujerar ke nan da ke ɗakin Inna, shekara kusan arba'in, ba ta taɓa ko girgiɗi ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, Jalingo ta zama babban birni, aikin gini da na kayan ofis ya buɗe. Abokan aikinsa da dama suka ajiye alli suka kama kwangila. Shi kuwa ya zauna a ajinsa har ya yi ritaya, da tsohon kekensa. Ni na sami ofishin da nake hange, kuma duk ranar da aka kawo mini takardar da samanta ke sheƙi, nakan kife ta in duba ƙarƙashi. Sau nawa na yi niyyar zuwa in faɗa masa haka, ina cewa sai hutu mai zuwa. Ashe ba rabo.

Da na je gaisuwa, wani dattijon unguwarsu ya shaida mini cewa makarar masallacinsu Malam ne ya yi ta da hannunsa, sadaka, shekaru masu yawa da suka wuce, kuma a cikinta aka ɗauke shi. Na roƙa aka nuna mini ita. Da na ga ba kowa kusa, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. A goge yake sumul, kamar saman.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu gefen da ido ba ya gani, amin.