Ciwo A Huhu, Amma Kullum Jini Ake Ɗiba?

Jama'a, akwai ƙorafin da nake yawan ji daga masu jinya: "Mutum numfashi ne ya gagare shi, amma kullum sai a ɗebi jini, kullum a ce je ka biya kuɗin gwaji." Na san zafin abin, aljihu ne ke kuka. Amma bari mu duba abin da likitan ke nema a cikin jinin nan.

Idan mura mai tsanani ko korona ta kwantar da mutum, sau da yawa ba ƙwayar cutar kaɗai ke yin ɓarna ba. Garkuwar jikinsa ce ke wuce gona da iri, ta lalata huhu, jini ya fara yin gudaji a cikin jijiyoyi. Wannan rikicin kan bar sawu a jini tun kafin ido ya gani.

CRP, wanda hanta ke fitarwa, yana nuna ƙarfin kumburin da ke cikin jiki. D-dimer ɓurɓushin gudan jini ne da ya narke. Limfosayit kuma sojojin jini ne masu yaƙar bairos, raguwarsu sosai alamar haɗari ce.

A watan Maris na 2020 mujallar Lancet ta buga bincike kan majinyata 191 a Wuhan ta ƙasar Sin, 54 daga ciki sun rasu. An ga cewa waɗanda D-dimer ɗinsu ya haura tun ranar da aka kwantar da su sun fi shiga haɗarin mutuwa. A Birtaniya ma, binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya yi amfani da CRP wajen zaɓen waɗanda za a gwada wa maganin tocilizumab: masu ƙarancin iskar oksijin da CRP ɗinsu ya kai 75 ko fiye. Maganin kuwa ya rage mutuwa. Ka ga ke nan gwajin na iya nuna wa likita wanda ya kamata a matsar kusa da na'urar numfashi, da wanda wani magani zai amfana.

Sai dai fa a kula. A nan wajenmu zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP. Mai juna biyu da mai sikila, D-dimer ɗinsu kan hau ko babu korona. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da lamba ɗaya. Yana haɗa ta da shekarun mutum, da ciwon suga ko hawan jini, da yadda yake numfashi, sannan ya duba ko lambar hawa take yi ko sauka. Dalilin maimaita gwajin ke nan.

Roƙona biyu ne. Don Allah mu daina ɗaukar hoton sakamakon gwaji muna watsawa a WhatsApp, kowa na fassara, har a fara yi wa mai rai kuka. Lambar tana nuna girman haɗari ne kawai, ba ta faɗin ranar kowa.

Na biyu, idan kuɗi sun yi kaɗan, kada a ɓoye, kada kuma a sulale da mara lafiya gida. A tambayi likita kai tsaye: wane gwaji ne sakamakonsa zai canza maganin da ake ba shi yau? A fara da shi. Likitoci ku ma, minti biyu na bayani ga 'yan jinya zai kashe rabin zargin nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.