Tsiron Dawa a Showak

A Japan akwai gidajen da suka gaji haɗa sake, giyarsu ta shinkafa. Gidan Sudo Honke na lardin Ibaraki yana ƙirga tarihinsa tun daga 1141. A Disamba 2024 UNESCO ta sa wannan sani cikin gadon al'adun duniya. Sirrinsu wata fumfuna ce, koji, mai sa dafaffiyar shinkafa ta koma zaƙi.

Mu a Showak, a bakin kogin Atbara, ba shinkafa muka dogara da ita ba. Gadarif rumbun dawar Sudan ce, kuma matanmu sun san hanyar fito da zaƙi daga ƙwayar dawa ba tare da fumfuna ba: su jiƙa feterita, su shimfiɗa ta kan buhu, su riƙa yayyafa ruwa har ta tsiro, sannan a shanya a niƙa. Larabawa suna kiran tsiron zirri'a. Da shi ake hilu mur, wato zaƙi da ɗaci, abin shan buɗa baki da Hausawan nan suka koya wurin maƙwabta har ya zama namu.

Aikin na watan Sha'aban ne. A dama ƙullu, a zuba citta, kirfa, hulba, tsamiya da zoborodo, a rufe ya kwana ya yi tsami. Nan gwaninta take. Tsiron nan dai shi ake yin marisa da shi, burkutun Sudan, wadda Numairi ya haramta a 1983. Goggona ba ta duba agogo, ta buɗe murfi ta sansana, ta ce, "Ɗan nan, kira su Inna, yau za a hura wuta." Wutar ce ke tsayar da ƙullun kafin ya wuce gona da iri. Mata su zagaye kasko, su shafa shi siriri, ya gasu ya yi ja-ja, a naɗe kamar takarda. Ran azumi a jiƙa, a tace, a sa sukari.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, gidaje sun cika da 'yan gudun hijira, kayan ƙamshi sun yi tsada. Bara Goggo rabin abin da ta saba ta yi, kuma wata baƙuwa daga Omdurman ce ta riƙe mata kasko, saboda jikokinta mata babu wadda ta iya shafawar.