WASIƘAR DA NA YAGA

Yau ba ci gaban littafi na kawo muku ba, ku yi haƙuri. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun watan jiya, na ga in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Ƙanena ne ya kawo mini wani tsohon littafin Turanci da ya tsinta wajen masu gwanjon littattafai. Tarihin rayuwar wani Ba'amurke ne, Frederik Pohl, wanda ya rubuta da kansa aka buga a 1978. Marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne, irin na tafiya duniyar wata da mutum-mutumi mai magana. Turancin nawa na sakandare ne, da ƙamus a gefe na lallaɓa, daga nan na shiga tambaye-tambaye. Labaran ba su dame ni ba, halin masu karanta su ne ya kama ni.

A 1926 wani mai suna Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka, a kan takarda mai arha wadda in ta kwana biyu sai ta yi ja ta fara karyewa. Masu ilimi suka ce shara ce, tana ɓata yara. Wannan waƙar mu 'yan littattafan kasuwa mun san amshinta. To sai mutumin ya riƙa buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. Yaron da ke zaton shi kaɗai ne mahaukaci a garinsu sai ya ga ashe yana da 'yan'uwa. Suka shiga rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, har a 1930 wata ƙungiya a Shikago ta fitar da The Comet, wadda ake lissafawa ta farko cikin 'yan mujallun da masu karatu ke bugawa da kansu, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna fanzin.

Da tafireta suke bugawa a kan sitansil, su gurza a inji, irin wanda ake gurza mana takardun jarrabawa a makaranta, tawada duk ta ɓata hannu. Su haɗa, su kai gidan waya da kuɗin aljihunsu, ba riba ko kwabo. Daga baya ma ta zama al'ada, in kana son kwafi ba sai ka biya ba, ka aiko da wasiƙar ra'ayinka ko taka mujallar a yi musaya. Cikinsu akwai waɗanda ni nake kira 'yan ba-wasa. Su ne za su ɗauki labarin da aka saya da 'yan sulalla su feɗe shi tun daga kai har wutsiya, su yi lissafi su ce jirgin nan ba zai isa can a kwanakin da marubuci ya faɗa ba. 'Yan'uwansu ma tsokanar su suke yi. Amma a irin waɗannan takardu ne samari biyu na Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fara fito da sunan Superman a 1933, Ray Bradbury ma ya buga tasa a 1939.

A watan Yulin 1939 suka yi babban taronsu na farko a New York, mutum wajen 200. Tun a bakin ƙofa rigima ta tashi, shugabannin taron suka hana mutum shida shiga saboda saɓanin siyasa, har da Pohl, yana ɗan shekara 19. Duk wanda ya taɓa zaman ƙungiyar marubuta ba zai yi mamaki ba. Taron dai ya ɗore, a 1953 aka fara ba da lambar yabo ta Hugo, a 1955 aka ware wa fanzin tata lambar. Shi kuwa wanda aka tare a ƙofa, a 1972 shi ne babban baƙon taron.

Ina cikin wannan karatu na tuna da ita. Bayan fitowar littafina na biyu, wajen 2003, wasiƙu suka yi ta zuwa ta akwatin gidan waya, yawanci “Anti Allah ya ƙara basira, yaushe na uku zai fito?” Irinsu nake zaɓa in buga a ƙarshen littafi. Sai ga wata mai shafi huɗu na fulsikaf, da koren biro. Ta ce Anti, kin rubuta wai daren jajibirin ƙaramar Sallah farin wata ya haske tsakar gida kamar rana, alhali ranar aka ga jinjirin wata, ina ya samo hasken? Ta ce kishiyar labarin ba ki ba ta dalilin muguntarta ba, kamar da ita aka haife ta, kuma ni 'yar kishiya ce, na san ba haka abin yake ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce wannan 'yar baƙin ciki ce, wata marubuciya ce ta turo ta. Na yayyaga takardar na zuba a murhu.

Yau littattafaina sun haura goma, ban sake samun wanda ya karanta ni kamar yarinyar nan ba. Ta sayi littafin, ta sayi takarda da kan sarki, ta zauna ta bi ni shafi-shafi. Da a hannun Gernsback wasiƙar ta faɗa, da an buga ta da adireshinta, wata ta ba ta amsa, wata ta kare ni, wa ya sani ko da yanzu ita ma marubuciya ce. Ni kuwa ko sunanta ban riƙe ba, sai dai na tuna hatimin Gusau a jikin ambulan.

Da aka zo sake buga littafin na cire farin watan a ɓoye, na sa musu fitilar ƙwai a tsakar gida, ban gode wa kowa ba. Kishiyar kuwa tana nan yadda take, don gyaranta sai an sake rubuta littafin gaba ɗaya, har yau ban yi ba.