Gwaggo da matakala sittin da huɗu

Gwaggona tana zaune a hawa na huɗu, a wani tsohon gini kusa da kasuwar Dejean a Château Rouge, kuma ginin ba shi da na'urar hawa bene. Matakala sittin da huɗu ne. Ban taɓa ƙirga su ba sai da aka canja mata gaɓar ƙugu.

Washegarin tiyata aka ce ta tashi ta taka. Ta kira ni ina Lyon, murya na rawa: "'Yata, mutanen nan ba su da imani. Jiya aka yanka ni, yau ana cewa in yi tafiya." A Maradi, wanda ya karye kwanciya yake yi, a ɗaure ƙafar, a jira. Ni ma da farko na ga rashin tausayi a abin. Sai mai gashin ƙashi, wadda a nan ake kira kine, ta yi mini bayani: doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, naman cinya da na ɗuwawu kuma ya saki, alhali su ne ke riƙe sabuwar gaɓar.

Duk Juma'a nakan hau jirgin ƙasa na awa biyu zuwa Paris don in yi tafinta. Atisayen ba su da wani armashi. Motsa idon sawu sama da ƙasa, matse cinya a ƙirga zuwa biyar, jan diddige a kan katifa. Gwaggo ta ce wasan yara ne, ta riƙa tsallake su idan ba na nan.

Inda muka yi rigima sosai shi ne salla. Likita ya hana ta lanƙwasa ƙugu sosai, ya hana harɗe ƙafa da zama a ƙasa na kusan mako shida, don kada gaɓar ta goce. Ita kuwa shekara hamsin goshinta na taɓa ƙasa. Wata Asabar na same ta tana ƙoƙarin durƙusawa a kan darduma, hannu ɗaya a jikin gado. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta yi shiru, ta koma kan kujera ta yi sallarta, ba ta yi mini magana ba har dare.

Da na gaya wa kine, ba ta yi faɗa ba. Ta ce in faɗa mata cewa atisayen nan su ne hanyar komawa darduma, amma sai likita ya duba ya yarda. Daga ranar Gwaggo ta daina tsallake ko ɗaya.

Matakala kuwa akwai ƙa'idarta: wajen hawa ƙafa mai lafiya ce gaba, wajen sauka sanduna da ƙafar da aka yi wa aiki. A mako na biyar ta sauka duka sittin da huɗun, ta je Dejean ta yi cinikin kuɓewa da kanta. Hawan ya ɗauke mu minti ashirin, ina bayanta da ledar kuɓewa.