Hanyar Shagari da Labarin Satiru

Ɗaurin aure ne ya kai ni Shagari a ƙarshen kaka, an gama yankan gero, sanyi ya fara leƙowa. Daga Sakkwato muka ɗauki hanyar Jega, muka wuce filin jirgin sama, ba a jima ba sai ga Bodinga. Nan direba ya tsaya neman cikon fasinja, ni kuwa na fake a rumfar wani mai cajin waya. Samari sun yi cincirindo a kan waya guda suna kallon Mangal Pandey, fim ɗin Indiya na 2005 wanda Aamir Khan ya ja. Sun haddace labarin tsaf: sojan Kamfanin Ingila, harsasan da aka ce an shafa musu kitsen saniya da na alade, ranar 29 ga Maris 1857 da ya juya bindiga kan hafsoshinsa a Barakfur, da rataye shi da aka yi ranar 8 ga Afrilu, kafin bore ya game arewacin Indiya.

Na ce, "Samari, Satiru fa, kun san ta?" Ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Malam, ba wani kufai na ba, can wajen Danchadi?" Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma ya fi sauran.

Abin ya tsaya mini a rai har muka tashi. Ƙasar Bodinga ce fa ta ƙunshi Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma kowane yaro ya san wannan. Satiru kuwa, kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, kamar an share ta daga bakin mutane.

A 1904 wani malamin garin, Maikaho, ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya rasu a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, sai ga wani malami makaho, Ɗan Makafo, ya gudo daga ƙasar Faransi ya haɗu da su. Jama'arsu talakawa ne da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan Hillary ya nufi garin da sojan doki. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanya da kwari da baka, suka kashe Hillary tare da wani Bature mai suna Scott da Laftanar Blackwood da sojoji sama da 20, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Shekara uku kacal da faɗuwar Sakkwato a Giginya.

Wani dattijo da ke gefena a mota ya ji ina ba abokin tafiyata labarin, ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ai kakanninmu ba su son a ambaci wanga zance. Wuri na da anka yi ma baki." Gaskiya ya faɗa. Ranar 10 ga Maris Gwamna Lugga ya sa aka dawo da runduna, dawakin Sakkwato na mara mata baya. Aka kashe mutum kusan 2,000, aka kora mata da yara wajen 3,000, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makafo kuma aka zartar masa da hukuncin kisa a Sakkwato.

La'asar sakaliya muka shiga Shagari. Bayan an shafa fatiha na ziyarci kabarin Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta da ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Da dare mai masaukina, shi ma malamin makaranta, ya ce a ganinsa nauyin labarin ne ya sa masu fim ke kauce masa, domin duk wanda zai ɗauke shi dole ya nuna sarauta a ɓangare guda da Nasara, ya kuma taɓo batun bauta da na Mahadi.

Na yarda da nauyin, amma ban karɓi uzurin ba. Indiya ma tana da sarakunan da suka tsaya wa Ingila a 1857, hakan bai hana ta buga hoton Mangal Pandey a kan sarki na gidan waya a 1984 ba. Sarkin Musulmi ya zaɓi abin da yake ganin zai tsare Sakkwato daga halaka. Mutanen Satiru suka zaɓi mutuwa a kan zama ƙarƙashin Bature. Marubuci mai adalci zai iya ba kowa bakinsa. Takardun suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, kuma a ƙauyukan Danchadi da Dange akwai tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu, waɗanda ya kamata a naɗi muryarsu tun suna raye.